Wane ne Mai Bishiyar? Tarihin Gangamin Dashen Itatuwa Daga Kazaure Zuwa Maraɗi

Kowace shekara, da zarar damina ta zauna a watan Yuli ko Agusta, za ka ji a rediyo an ƙaddamar da gangamin dashen itatuwa na bana. Za a kafa rumfa, a jera 'yan makaranta, babban baƙo ya duƙa ya dasa guda ɗaya, a zuba mata ruwa, a tafa. Daga nan sai a sanar da cewa an raba dashe dubu kaza. Idan kai mutumin Yankwashi ne, ko Kazaure, Roni, Gwiwa ko Babura, ba sai an ba ka labari ba. Wataƙila ma da hannunka aka dasa wasu lokacin da kake firamare. To, mai karatu, ina waɗannan itatuwa suke yanzu?

Tambayar tana da muhimmanci a yau, domin kuɗin da ake warewa don muhalli sai ƙaruwa suke yi, kuma ana ta maganar a ba makarantu da ƙungiyoyin unguwa tallafi su yi aikin da kansu. Kafin mu miƙa hannu mu karɓa, yana da kyau mu waiwayi abin da ya faru cikin shekara kusan 90 da aka yi ana wannan kira a ƙasar Hausa. Idan ka bi tarihin a hankali, abu ɗaya za ka ga yana ta maimaita kansa: bishiyar da ta rayu ita ce wadda take da mai ita.

Kafin a san gangami

Shiga kowace tsohuwar gona a ƙasar Kazaure ka duba. Za ka tarar da gawo, kuka, tsamiya, ɗorawa, kanya ko aduwa, a warwatse cikin gero da dawa. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Da kansu suka tsiro, manomi ya gan su lokacin sharar gona ko noma, ya kauce musu da fartanya saboda ya san amfaninsu: miya, daddawa, kunu, abincin dabba, inuwa, itacen girki.

Gawo ya fi kowace bishiya nuna hikimar da ke cikin wannan tsari. Shi dai gawo akasin sauran itatuwa yake yi. Da damina, lokacin da kowa ke yin ganye, shi sai ya kaɗe nasa, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani kuma sai ya yi kore shar, ya zubo 'ya'yan da tumaki da awaki ke so. Dabbobin da suka taru a inuwarsa su bar taki a wurin, ganyen da ya zuba ya ruɓe ya shiga ƙasa. Ƙari a kan haka, gawo dangin wake ne da gyaɗa. A saiwarsa akwai ƙwayoyin bakteriya masu ɗaukar sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka, wato irin sinadarin da kake saye cikin buhun yuriya. Dalili kenan da ya sa geron gindin gawo kan fi na fili kyau. A Damagaram, maƙwabciyar Babura ta arewa, har yau ana ba da labarin cewa sarakunanta na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

Wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin gonakin da ke kewaye da birnin Kano tun daga shekarun 1960. Abin da shi da abokan aikinsa suka gano ya ba mutane da yawa mamaki. Duk da yawan jama'a da buƙatar itacen girki, itatuwan cikin gonaki ba su ƙare ba. Manomi na sassabe reshe ya sayar ko ya kai gida, amma ba ya kashe uwar, tunda tasa ce. Inda aka fi yin ɓarna shi ne dazuzzukan nesa, waɗanda ba na kowa ba.

Baturen da ya ce hamada na tafe

A 1934 wani farfesan ilimin gandun daji daga Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya zagaya Arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Da rani ya zo, ya ga ƙura da yashi da gonaki fayau. A 1935 ya wallafa cewa Sahara na gangarowa kudu, ya kuma ba da shawarar a kafa wani dogon ɗamarar daji a kan iyaka domin a tare ta. Maganar ta tayar da hankalin Turawan mulki, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamitin masana da ya bi iyakar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga alamar cewa hamada na tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa nan da can, inda aka matsa mata da sara da kiwo.

Sai dai hoton da Stebbing ya zana ya fi rahoton kwamitin zama a zukata. Daga shi ne muka gaji tunanin cewa maganin hamada shi ne katanga ta itatuwa.

Wani gadon na wancan zamani shi ne doka. Dokokin gandun daji na Turawa sun keɓe dazuzzuka a ƙarƙashin gwamnati da En'e, sun kuma sa wasu itatuwa cikin jerin waɗanda ba a taɓawa sai da izini. A ɓangaren Faransa abin ya fi tsanani, domin dokar 1935 ta mai da itatuwa kusan mallakar hukuma. Manomi zai iya shan tara a kan bishiyar da ke tsakiyar gonarsa. To, ka sa kanka a matsayinsa. Idan barin tsiro ya girma zai jawo maka malamin daji da tara, me za ka yi in ka gan shi yana ƙarami? Cire shi za ka yi tun kafin kowa ya gani. Dokar da aka yi don kare bishiya sai ta koma tana raba ta da mai kula da ita.

Amma fa ba duk abin da aka kawo a lokacin ne ya faɗi ba. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, asalinta daga Indiya ne, kuma a ƙarshen shekarun 1920 ta shigo Najeriya ta ƙasar Borno. Yau babu garin da za ka shiga a Jigawa ba ka gan ta ba. Ta jure fari, haka ne, amma lura da inda ta fi yawa: ƙofar gida, harabar masallaci, kasuwa, bakin titi cikin gari, wato wuraren da akwai mai zama a inuwarta, mai kora mata akuya.

Fari da zamanin shingen itatuwa

Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza yankin Sahel baki ɗaya. Dabbobi sun mutu, gero ya ƙone a gona, mutane sun yi ƙaura. A lokacin ƙasar Kazaure da Babura suna cikin tsohuwar Jihar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa, ita kuwa Yankwashi ta zama ƙaramar hukuma a 1996. Bayan wannan fari ne, a ƙarshen shekarun 1970, gwamnatin tarayya ta kafa shirin dashen itatuwa a yankunan da ke fama da ƙarancin ruwa. Da aka sake yin wani farin a 1983 zuwa 1984, sai aikin ya ƙara girma. Daga 1987 Bankin Duniya ya ba da rancen wani babban shirin gandun daji da ya haɗa jihohin Arewa, da ofishin haɗa kai a Kano, yayin da Tarayyar Turai ta wancan lokaci ta ɗauki nauyin makamancinsa a Katsina. Aka buɗe lambunan renon dashe, aka raba dashe kyauta, aka kafa ƙungiyoyin matasa masu kula da itatuwa a makarantu, aka kuma ja dogayen layukan itatuwa da ake kira shinge.

Shinge yana da kimiyyarsa. Iska mai ƙarfi idan ta ci karo da layin itatuwa, wata ta ratsa a hankali, wata ta haura sama, don haka ƙarfinta ya ragu a bayan layin. Yashi ya daina kwasa, ƙasa ta daɗe da laima, ƙananan shuka su huta da bulalar rairayi. Sai dai kariyar tana da iyaka. Masana na auna ta ne da tsawon itatuwan: in ka yi nisa daga layin, iska ta sake saukowa da ƙarfinta.

Kusa da mu aka yi ɗaya daga cikin binciken da ya fi fito da wannan fili. A Yambawa, ƙasar Dambatta, an dasa jerin shingen bishiyar turare a gonakin da yashi ya cinye. Shingen ya tsayar da yashin, noma ya dawo. Amma da masu bincike irin su L. O. Z. Onyewotu da C. J. Stigter suka auna abin da ke faruwa a shekarun 1990, sai suka ga matsala biyu. Ta farko, an ba layukan tazara mai yawa, saboda haka tsakiyar gonakin ba ya samun kariya daga iska mai zafi. Ta biyu, saiwar turare na miƙewa cikin gona tana ƙwace wa gero ruwa. Da aka haƙa rami a gefen shingen aka datse saiwar, geron kusa da shi ya ƙara kyau. Dabara ce mai sauƙi, amma ba a koya wa manoman ba tun farko. An kawo musu shinge, ba a mai da shi nasu ba.

A wannan zamanin ne kuma aka gwada wani salon gangami na daban. A 1985, ƙarƙashin shirin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin soja, aka ƙaddamar da babin tsaftar muhalli a Kano, wanda daga shi al'adar sharar ƙarshen wata ta samu gindin zama. Ranar shara gari kan yi fes, domin akwai hukuma a tsaye. Bayan kwana uku leda ta koma kwata. Darasin iri ɗaya ne da na dashe: aikin da aka yi don idon hukuma yakan tsaya ranar da idon ya kau.

Abin da ya faru a Maraɗi

Yanzu mu tsallaka iyaka. A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana aikin raba dashe a ƙauyukan Maraɗi. Kaɗan ne ke rayuwa. Rana, iska, gara da awaki sun gama da sauran. A 1983 sai ya lura da wani abu da kowane manomi ya sani amma ba a ɗauke shi a bakin komai ba. 'Yan ƙananan ciyayin da ke fitowa a gona kowace shekara, waɗanda ake sassabewa a ƙone kafin shuka, ba ciyawa ba ne. Tohon kututturen itatuwa ne da aka sare tun da daɗewa, irin su sabara da kalgo, kuma saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa.

A nan bambancin yake. Dashen da aka rena a leda saiwarsa gajeriya ce, wani lokaci ma ta nannaɗe a gindin ledar. Kafin ta kai inda laima take, rani ya riske ta. Shi kuwa tsohon kututture yana da saiwa mai zurfi da ta riga ta san hanyar ruwa, ga kuma abincin da ta tara. Abin da ke hana shi zama bishiya shi ne sara da ake yi masa duk shekara, da kuma yawan rassan da ke rabon ƙarfinsa. Idan manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bari, ya cire sauran, ya riƙa gyara su, cikin 'yan shekaru sai ga bishiya ta fi mutum tsayi. Ba leda, ba ban ruwa, ba motar rabo. Manoman Nijar suka sa wa dabarar suna sassaben zamani.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya kamata duk mai shirin ba da tallafi ya sani. A lokacin yunwar 1984 an haɗa dabarar da rabon abinci: ka bar toho a gonarka, a ba ka hatsi. Mutane suka bar itatuwa wajen dubu 500. Da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku aka sare. Amma waɗanda suka bar nasu suka fara ganin itacen girki a kusa, abincin dabba, da gero da iska ba ta binne shi ba. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A hankali kuma hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itatuwan gona, manomi ya samu natsuwar cewa abin da ya rena nasa ne.

Bayan shekara 20, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi. Sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Gaskiya ne ruwan sama ya ɗan ƙaru tun daga shekarun 1990, kuma ya taimaka. Sai dai sun nuna cewa a wasu wurare na kan iyaka, inda ruwan sama ɗaya ne, ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, ɓangaren Nijar ya fi namu itatuwa. Ka ga ba ruwa kaɗai ba ne.

Koriyar Ganuwa da kuɗin yau

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, layin itatuwa mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Kamar mafarkin Stebbing ne ya dawo. Najeriya ta kafa hukumar shirin da doka a 2015, kuma Jigawa na cikin jihohi 11 da abin ya shafa. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa kimanin kashi 4 cikin 100 na burin hekta miliyan 100 kawai aka cimma. Su kansu masu shirin sun sauya tunani. Yanzu ba a cika maganar katanga ɗaya miƙaƙƙiya ba, an fi maganar gonaki, makiyaya da lambuna da mutanen wurin ke kula da su, kuma darasin Maraɗi na cikin abin da ya kawo sauyin.

Kuɗi dai akwai. A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. Akwai kuma shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda ke ba ƙungiyoyin al'umma kuɗin gudanar da ayyuka. Tambayar ita ce, idan wani abu daga ciki ya iso makarantar garinku, me za a yi da shi?

Idan tallafi ya iso makaranta

Fara da duba kalanda. Ana dasawa a Yuli ko Agusta, daidai lokacin da ake tafiya dogon hutu, ciyawa ta rufe dashen ba mai cire ta. Ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Bayan kaka a saki dabbobi, kuma makarantar da ba ta da katanga kiwo ce ta kowa. Daga nan sai hunturu, sai bazara, inda zafi kan haura digiri 40, ga kuma wani hutun a Afrilu. Wata bakwai zuwa takwas kenan babu ɗigon ruwa daga sama.

Mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara makaranta ta karɓi dashe 100, kowanne kuma ana ba shi lita 10 kacal a mako. Lita 1,000 kenan, wato jarka 40 mai cin lita 25, duk mako. A mako 30 na rani, jarka 1,200. Wa zai ɗebo? Daga wace rijiya? Idan ba a amsa wannan ba tun kafin a karɓi dashen, an riga an san ƙarshen labarin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka, idan kana cikin kwamitin gudanar da makaranta, ko ƙungiyar iyaye da malamai, ko ƙungiyar matasan unguwa, ga abin da tarihin nan ke nuna maka.

Ka karɓi abin da za ka iya riƙewa. Dashe 20 da suka ga damina ta biyu sun fi 500 da aka ɗauka a hoto. Kason farko na kuɗin ya tafi ga kariya da ruwa: kwando ko ƙaya a kewaye kowanne, gyaran famfo, da ɗan ihisani ga maigadi ko wani maƙwabci da zai duba su lokacin hutu.

Kafin ka dasa, zagaya filin makarantar ka duba abin da ke nan. Mai yiwuwa akwai tohon sabara, kalgo, aduwa ko gawo da ake sarewa duk ranar shara. Sassaben zamani a harabar makaranta darasin kimiyya ne kyauta, kuma yaron da ya iya shi zai kai shi gonar babansa.

Kowace bishiya a ba ta mai ita da suna, aji kaza ko ɗalibi wane, a kuma faɗa tun farko wa zai ci amfanin. Idan mangwaro ne ko gwaiba ko zogale, a san inda 'ya'ya da ganye za su tafi. A tambayi iyaye, musamman mata masu neman itacen girki da kayan miya, irin bishiyar da suke so.

Sannan a canza ranar ƙidaya. A Kenya, ƙungiyar da Wangari Maathai ta kafa a 1977 tana ba mata ɗan kuɗi ne a kan dashen da ya rayu, kuma wannan aiki na cikin abin da ya sa ta samu lambar Nobel a 2004. Mu ma za mu iya. A riƙe wani kaso na tallafin sai watan Mayu, ƙarshen rani, a zo a ƙirga masu rai. Muna da kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure da jami'ar fasaha ta tarayya a Babura. Ɗalibansu, da wayar hannu da littafin rubutu, za su iya bin makarantun Yankwashi, Roni da Gwiwa su rubuta wace bishiya ta rayu, a wace irin ƙasa, da wace irin kulawa. Irin waɗannan alƙaluma ne za su gaya mana abin da ya dace a dasa a duwatsun Roni da abin da ya dace da jigawar Babura.

Bana ma za a yi gangami, kuma babu laifi ka je. Amma idan an miƙo maka dashe, kafin ka karɓa ka tambayi kanka wa zai ba shi ruwa a watan Maris. In amsar kai ne, karɓi biyu ka tafi da su. In kuwa babu amsa, gara ka koma gona ka duba kututturen da ka saba sarewa, ka zaɓar masa rassa uku masu ƙarfi ka bar su.